Farashin gwal a waya daban, a shagon Yayana daban: shin cutata ya so yi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. A farkon shekarar 2023 na kwashi adashi, na haɗa da ɗan abin da na samu na gadon mahaifina, na sayi gwal a wurin ɗan wan mahaifina wanda yake da shago a kasuwa, kuma tun tasowata Yaya nake ce masa. Sarƙa ce da 'yan kunne da zobe masu duwatsu, sai awarwaro biyu marasa ado, duka nauyinsu giram 40, na biya naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Bai ba ni rasit ba, ni ma ban nema ba. Yanzu buƙatar kuɗin haya da na makarantar babbar 'yata ta taso, kimanin naira miliyan biyu. Na duba waya na ga giram ɗaya na gwal ya kai kusan naira 193,000, na lissafa na ga kayana sun haura miliyan bakwai da dubu ɗari bakwai. Da na kai masa sai ya ce miliyan biyar zai saya, wai gwal ɗina mai lamba 18 ne, kuma zai cire giram uku na duwatsu. Na kwashe kayana na fito ban yi masa sallama ba, kuma tun ranar ban sake ɗaga wayarsa ba, har mahaifiyata ta fara yi mini faɗa. Shin cutata ya so yi? Kuma in sayar yanzu ne, ko in jira ya ƙara tashi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yanke miki wahala, ya sa albarka a karatun yarinyar. Zan fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. Idan alƙaluman da kika kawo haka suke, miliyan biyar ɗin da Yayanki ya taya ba tayin zalunci ba ne, ko da yake akwai ƙofar neman ƙari, kuma akwai abu guda da nake ganin ya gaza a kansa tun ranar da ya sayar miki. Giɓin miliyan biyu da dubu ɗari bakwai da ya tayar miki da hankali, mafi yawansa ya samo asali ne daga cewa kuɗin da wayarki ta nuna farashin wani irin gwal ne wanda ba shi ne a cikin akwatinki ba. Ina so ki ɗauki biro da takarda mu bi lissafin tare, domin macen da ta iya wannan lissafi ba ta buƙatar dogara ga rantsuwar mai shago, ɗan'uwanta ne ko bare.

Gwal yana cikin kayayyaki ƙalilan da farashinsu kusan ɗaya ne a faɗin duniya. Ba ya ruɓewa, ba shi da wahalar ɗauka idan aka duba darajarsa, kuma da zarar an narkar da shi an tace, babu mai iya bambanta wanda aka haƙo a Anka ta Jihar Zamfara da wanda ya fito daga Ghana ko Afirka ta Kudu. Idan ya yi araha a wani gari, fatake za su saye shi su kai inda yake da tsada, har sai farashin biyu sun matso kusa da juna. Shi ya sa ko mai haƙa a daji da wayarsa yake duba farashin duniya kafin ya sallama abin da ya wanke, kuma shi ya sa babu wani ɗan kasuwa a Gombe ko Bauchi ko Kano da yake da ikon tsayar da farashin gwal da kansa.

Cibiyar wannan ciniki ita ce birnin Landan. Tun shekarar 1919 wasu manyan dillalai suke haɗuwa a can su tsayar da farashin kowace rana, kuma a 2015 aka mayar da abin gwanjo ta kwamfuta, wanda sakamakonsa yake fita da sunan ƙungiyar masu cinikin gwal da azurfa ta Landan da ake kira LBMA. Ana yin gwanjon sau biyu a kowace ranar aiki, da ƙarfe 10:30 na safe da kuma ƙarfe 3:00 na rana agogon Landan, wanda a lokacin sanyinsu yake bayan namu da awa ɗaya, a lokacin zafinsu kuma yake daidai da namu. A tsakanin waɗannan lokuta ma farashin ba ya tsayawa, domin ana ta ciniki a kasuwar COMEX ta birnin Niyok da kasuwar Shangai ta ƙasar Sin da sauran wurare, dare da rana, in ban da ƙarshen mako. Idan kin taɓa jin mai shago ya faɗi farashi da hantsi, bayan la'asar kuma ya faɗi wani, to, sau da yawa wannan ne dalili. Amma ki lura da irin kayan da ake cinikinsu a Landan: tubala ne na gwal tsantsa, kowane ɗaya ya kai kimanin kilo goma sha biyu da rabi, tsarkinsa bai gaza kashi 99.5 cikin ɗari ba, yana ajiye a rumbunan manyan bankuna, babu dutse a jikinsa, babu maɗauri, babu aikin maƙeri.

Ana faɗin farashin ne da dalar Amurka a kan kowace oza, kuma ozar da ake auna gwal da ita giram 31.1 ce. Daga nan kuɗin da kika gani ya fito. Idan oza tana kan dala 4,000, sai a raba da 31.1, giram ɗaya ya kama dala 128.6. Idan kuma ana canjin dala a kan naira 1,500, sai a ninka, a samu naira 192,900. Kin ga 193,000 ɗinki ta bayyana. Wayarki ba ta yi miki ƙarya ba, ta faɗa miki kuɗin giram ɗaya na gwal tsantsa mai lamba 24 ne a ranar da kika duba, kuma kafin ki karanta wannan amsa wataƙila alƙaluman biyu duk sun motsa, sai ki sa sababbi a gurbinsu, hanyar lissafin dai ba ta canzawa.

Zancen dala yana buƙatar a ɗan dakata a kansa, domin mutane da yawa suna bin labarin farashin duniya su manta da shi, alhali a ƙasarmu shi ne ya fi girgiza farashin gwal a 'yan shekarun nan. Sabbin sarƙoƙi da awarwaron da kike gani cikin gilashin shaguna galibi daga Dubai da Saudiyya ake shigo da su, wasu kuma ƙirar Italiya ne, kuma mai shigo da su da dala yake biya. Saboda haka farashin dalar da yake aiki da shi shi ne wanda zai iya samunta a kansa a hannu, wato na 'yan canji irin na Wapa a Kano. Lokacin da kika yi sayayyarki, farashin gwamnati yana wajen naira 460, na 'yan canji kuma yana wajen naira 750, wanda duk ya yi lissafi da na gwamnati a lokacin sai ya ɗauka duk masu gwal ɓarayi ne. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, daga nan ta yi ta zubewa har ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta ragu sosai. Abin da wannan yake nufi gare ki shi ne, gwal ɗinki yana iya tashi ko faɗuwa a Gombe ko da bai motsa ko taku ɗaya a Landan ba. Idan oza ta tsaya a dala 4,000 amma dala ta sauko daga 1,500 zuwa 1,400, giram tsantsa zai koma kimanin naira 180,000. Ki riƙe wannan misali, za mu sake buƙatarsa.

Yanzu sai batun lamba 18, wanda shi ne ya cinye kaso mafi girma na giɓinki. Ana kasa gwal kashi 24. Mai lamba 24 shi ne tsantsa, amma yana da taushi ƙwarai, awarwaron da aka ƙera da shi zai lanƙwashe a hannun mai aikin gida cikin ƙanƙanin lokaci, shi ya sa maƙera suke haɗa shi da jan ƙarfe da azurfa domin ya yi ƙwari. Mai lamba 18 kashi 18 cikin 24 ne gwal, wato kashi 75 cikin ɗari. Mai lamba 21, wanda aka fi sani da na Saudiyya, kashi 87.5 ne, mai lamba 22 kuma, wanda ya yawaita a Dubai da Indiya, kashi 91.6 ne. Ki ɗauko awarwaronki ki duba cikinsa a wuri mai haske, ki duba ɗan falen da ke kusa da maɗaurin sarƙar, da tsinken ɗan kunnen. Idan kin ga an buga 750, to mai lamba 18 ne kamar yadda ya faɗa. 875 na mai 21 ne, 916 kuma na mai 22. Mata da yawa suna sayen gwal da sunan gari, a ce wannan ɗan Dubai ne, wancan ɗan Italiya ne, amma ranar sayarwa babu mai biyan sunan gari, yawan gwal ɗin da ke ciki ake biya.

To, kashi 75 cikin ɗari na naira 192,900 shi ne kimanin naira 144,700. Giram 40 a kan wannan farashi ya kama kimanin naira 5,790,000. Tun kafin a zo maganar duwatsu ko ribar kowa, kusan miliyan biyu sun fita daga miliyan bakwai da dubu ɗari bakwai da kika sa a ranki, kuma ba su shiga aljihun Yayanki ba, domin dama ba a cikin kayan suke ba. Idan aka cire giram uku na duwatsu, saura giram 37, kuɗinsu kimanin naira 5,350,000. Wannan shi ne ainihin darajar gwal ɗin da ke hannunki a farashin duniya na ranar. Shi kuma ya taya miliyan biyar. Ashe abin da ke tsakaninku naira 350,000 ne, wanda bai kai kashi bakwai cikin ɗari ba.

Me ke cikin wannan dubu ɗari uku da hamsin? Mai sayen tsohon gwal yawanci yana kallonsa ne a matsayin abin da za a narkar. Wurin narkarwa nauyi yana raguwa, domin akwai dauɗar sabulu da mai da ta maƙale a ramukan sarƙa, kuma ƙarfen da ake like gaɓoɓi da shi sau da yawa lambarsa ba ta kai ta jikin kayan ba. Ɗan kasuwar Gombe kuma ba shi ne ƙarshen layi ba, zai kai wa wanda ya fi shi jari a Kano ko Abuja, shi ma wancan ya cire nasa, ga kuɗin mota da haɗarin hanya da hayar shago da maigadi. Sannan ga misalin da na ce ki riƙe: idan ya biya ki yau, kafin ya juya kayan dala ta sauka da naira ɗari, darajar giram 37 ɗin nan za ta koma kusan miliyan biyar cif, wato duk abin da ya ware wa kansa ya tafi. A ganina tazarar da ba ta kai kashi bakwai ba, tazara ce da mai hankali zai iya karewa a gaban jama'a. Ba na cewa ita ce iyaka. Awarwaro marasa ado waɗanda ba su lotse ba, ana iya goge su a mayar cikin gilashi a sayar wa wata amarya da farashin da ya fi na narkarwa, saboda haka kina da hujjar cewa ya ƙara miki a kansu, kuma ɗan'uwa ya fi kowa cancantar ya rage ribarsa idan ya ga buƙata ce ta kawo ki.

Akwai kuma wani kuɗi da kika biya a 2023 wanda ba zai dawo ba, kuma gara ki sani tun yanzu. A farkon waccan shekara oza tana wajen dala 1,900, dala kuma tana wajen naira 750, wanda ya sa giram tsantsa ya kama kimanin naira 45,800, mai lamba 18 kuma kimanin naira 34,400. Ke kuwa kin biya naira 42,500 a kan kowane giram. Bambancin da ya haura naira dubu takwas shi ne kuɗin ƙira, da kuɗin jirgi da harajin da aka biya kafin kayan su iso, da ribar wanda ya shigo da su da ta wanda ya sayar miki. Kamar atamfa ce da kika kai wa tela ya yi mata aiki mai tsada: ranar da za ki rabu da ita, mai saye yadin yake kallo, kuɗin ɗinkin kuwa ya tafi tare da kwalliyar da kika yi. Gwargwadon yawan ado da ƙananan gaɓoɓin da kaya yake da su, gwargwadon kuɗin ƙirarsa, shi ya sa wadda take sayen gwal domin ajiya ya fi mata ta nemi awarwaro ko sarƙa marasa ado masu lamba 21 ko 22, ta bar masu walƙiyar duwatsu ga wadda take saye domin biki.

Ga inda nake ganin Yayanki ya gaza. Ranar da ya sayar miki, ya ɗora kayan a sikeli gaba ɗaya har da duwatsun, kin biya giram 40 da farashin gwal. Ranar da kika dawo da su, sai duwatsun suka zama abin cirewa. Giram ukun nan kin biya musu naira 127,500 a wancan lokaci, kuma idan irin duwatsun nan ne na roba ko na gilashi da aka saba sa wa kayan kwalliya, ba su da wata daraja a kasuwa. Gaskiya ne haka al'adar cinikin take a wurare da yawa, kuma sau da yawa shi ma mai shagon haka ake auna masa a inda ya saro, saboda haka ba zan kira shi macuci a kan wannan ba. Amma ya san kuɗin gado da na adashi kika kawo masa, ya san ajiya kike so ki yi, ya kamata ya gaya miki a fili cewa duwatsun nan asara ne ranar sayarwa, ya nuna miki kayan da suka fi dacewa da niyyarki, ya kuma rubuta miki rasit mai ɗauke da lambar gwal ɗin da nauyinsa ko da ba ki nema ba. Rashin wannan bayani ne ya sa kika shekara biyu da wani abu kina ɗauke da lissafin da ba daidai ba a zuciyarki. Kina da haƙƙin gaya masa wannan, cikin ladabi, kuma ina ganin idan mai tsoron Allah ne zai karɓa.

Haka kuma kada ki yarda da giram uku da aka ƙiyasta da ido. Mai yiwuwa biyu ne, mai yiwuwa ma sun fi uku, kuma kowane giram guda a farashin da ya taya ya haura naira dubu ɗari da talatin. Idan har za a sayar da masu duwatsun, sai a fara daidaitawa a kan farashin giram, sannan a ɓanɓare duwatsun a gabanki a auna gwal ɗin shi kaɗai, domin da zarar an ɓanɓare su kayan sun tashi daga na kwalliya, ba ki da sauran damar fasawa ba tare da asara ba. Wannan rarrabewa tana da tushe a addini. A cikin Sahihu Muslim, sahabi Fadalatu bin Ubaid ya ba da labarin cewa ya sayi abin wuya mai gwal da duwatsu a ranar Khaibar a kan dinari goma sha biyu, da ya rarrabe sai ya tarar gwal ɗin ya fi dinari goma sha biyu, da aka sanar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya hana a sayar da irinsa har sai an rarrabe. Malamai sun yi bayanin cewa hukuncin ya shafi sayen gwal da gwal ne, amma ya isa ya nuna mana cewa sanin ainihin nauyin gwal daban da na duwatsu abu ne da ake ba muhimmanci tun farkon Musulunci.

Kafin in zo kan tambayarki ta biyu, ina so ki ga cewa ba ki yi asara ba. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da kika biya ta yi daidai da kimanin dala 2,270 a lokacin. Miliyan biyar a canjin naira 1,500 kimanin dala 3,330 ce. A naira kuɗinki ya kusa ninkawa uku, amma babban ɓangaren wannan faɗuwar naira ce, ribar gaske ba ta kai rabin uwar kuɗin ba. Duk da haka, da kin bar kuɗin a akwati ko a asusun da ba ya haihuwa, da a wannan canji darajarsa ba ta wuce dala 1,130 ba. Gwal ɗin ya yi miki aikin da kika saye shi dominsa, har da lambarsa 18 da duwatsunsa.

Game da jira kuwa, duk wanda ya ce miki ya san inda farashin zai dosa gobe, to, ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne gwal ya yi tashin da ba a saba gani ba: ya haye dala 2,000 a karon farko a watan Agustan 2020, ya haye 3,000 a watan Maris na 2025, ya kuma haye 4,000 a watan Oktoban 2025. Daga cikin dalilan akwai yaƙe-yaƙe da zaman ɗar-ɗar da suke sa masu kuɗi gudu zuwa gwal, da saukar kuɗin ruwa a Amurka wanda yake rage kwaɗayin ajiye dala a banki, da kuma manyan bankunan ƙasashe irin su Sin da Turkiyya da Indiya da Folan, waɗanda jimillar abin da irinsu suka saya ta haura tan dubu a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Amma a 2011 ma ya kai kusan dala 1,900, mutane suka yi rububin saye, sai ya yi ta zamewa har ya koma kusan 1,050 a ƙarshen 2015, kuma bai sake ganin wancan matsayi ba sai a 2020. Naira ita ma takan ba da mamaki, domin a watan Fabrairun 2024 dala ta kusa kai 1,900 a hannun 'yan canji, zuwa watan Afrilu kuma ta sauko kusa da 1,100 kafin ta sake hawa. Mai gidan haya da makaranta ba za su jira ki gano gaskiyar hasashen kowa ba, kuma cin bashi mai nauyi domin riƙe gwal da fatan ƙarin riba caca ce da ba na ba mai 'ya'ya huɗu shawarar shiga.

Shawarata ita ce ki sayar da gwargwadon buƙatarki kawai. Miliyan biyu kike nema, ba biyar ba. Tayin Yayanki ya kama kimanin naira 135,000 a kan kowane giram, wato giram 15 sun isa su biya miki buƙata. Ki auna awarwaron nan biyu. Idan sun kai haka, su kaɗai za ki fitar, idan sun gaza ki haɗa da zoben. Awarwaron ne ba su da rigimar duwatsu, lissafinsu a fili yake, kuma su ne za ki fi samun damar neman ƙari a kansu. Sarƙar da 'yan kunnen kuwa su zauna tare, domin a haɗe suna iya samun mai son sakawa wadda za ta biya fiye da kuɗin narkarwa, ga shi kuma kina da 'ya mace da ta taso.

Ranar da za ki fita, ki yi lissafin nan da safe da farashin oza da na dalar ranar, ki rubuta a takarda. Ki shiga shago biyu ko uku ki tambaya nawa suke sayen giram na mai lamba 18, ki bayyana cewa sayarwa za ki yi, domin farashin da suke saye da wanda suke sayarwa ba ɗaya ba ne. Idan kina da wanda kika amince da shi a Bauchi ko Kano, ya tambayo miki a rana guda, tunda farashin jiya ba ya zama hujja a kan na yau. Kada ki tafi ke kaɗai, kuma kada kayan su bar gaban idonki da sunan za a kai ciki a gwada. Gwajin da aka saba yi a gabanki ake yinsa: a goga gefen awarwaron a kan baƙin dutse ya bar ɗan layi mai ruwan ɗorawa, a ɗiga masa ruwan gwaji na lamba 18, idan layin ya tsaya bai narke ba to lambar ta tabbata. Wannan gwaji yana da amfani ko da an buga 750, domin ana samun hatimin ƙarya. Ki tabbata sikelin yana kan sifili kafin a ɗora, yana nuna har ɗigon giram, kuma fanka ba ta busa shi. Kuɗin kuma ki karɓa a mazaunin cinikin, ki gan shi a cikin asusunki ta manhajar bankinki, kada ki tsaya ga saƙon waya kawai. Hadisin Ubadatu bin Samit ya shar'anta hannu da hannu a cinikin gwal, kuma galibin malamai sun tafi a kan cewa sayar da shi da kuɗin takarda ma haka hukuncinsa yake, saboda haka ko Yayanki ne, kada ki bar masa kayan a kan zai turo mako mai zuwa.

Shi kuwa Yayan naki, ki kira shi kafin duk wannan, tun mahaifiyarki ba ta kai ga ɗaukar maganar zuwa ga manya ba. Kin yi masa zaton cuta a kan lissafin da bai cika ba, kin kuma juya masa baya a shagonsa, wataƙila a gaban yaransa da abokan cinikinsa, wannan kuwa yana da ciwo ga namiji babba. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce: "Yaya, ka yi haƙuri da yadda na fita ranar nan, ban fahimci lissafin ba ne. Yanzu na gane batun lambar, amma da ka gaya mini zancen duwatsun tun ranar da na saya, da ban ɗauki waɗannan ba. Awarwaron kawai zan sayar, na kuma tambaya a wasu shaguna, ina so ka duba abin da za ka iya yi mini." Idan tayinsa ya yi daidai da na sauran ko ya fi, ki sayar masa. Idan ya yi ƙasa sosai, ko ya ƙi a auna a gwada a gabanki, ki kai wa wanda ya fi biya ba tare da cacar baki ba, ki ci gaba da gaishe shi da zuwa gidansa kamar da. Ko ta wace hanya cinikin ya ƙare, ki roƙe shi ya rubuta miki takarda a kan sarƙar da 'yan kunnen da suka rage, mai ɗauke da lambarsu, da nauyinsu gaba ɗaya, da nauyin duwatsun da ya ƙiyasta, da kwanan wata da sa hannunsa, ki ajiye ta tare da kayan.